Shaidar Yayana a Gaban Mai Gari

Yayana ya bar Gaya ina ɗan shekara goma. Shi ne mai kan boko a gidanmu. Ni kuwa lakkol, wato makarantar boko, ta gwada ni shekara uku ta sallame ni, ban kuma yi kukan rabuwa da ita ba. Daga lise, wato babbar sakandare ta Dosso, ya wuce Yamai, daga can ya samu tallafin karatu zuwa Amurka. Ya wanke kwanoni, ya tuƙa tasi, ya sake karatun shari'a daga tushe da harshen da bai tashi da shi ba. Ya daɗe yana lauyan baƙi irinsa masu matsalar takardun zama. Wata rana ya bugo waya ya ce an naɗa shi alƙalin gwamnatin tarayya. Innarmu ta tambaye ni ko ya fi alƙalin Gaya, na ce mata ya fi.

Ni ina nan ina noman shinkafa a fadamar da Baba ya bari wajen Tanda, da ita nake ciyar da gidana. Shekara biyu bayan rasuwar Baba, jikokin wani dattijo maƙwabcinmu suka ce gonar tasu ce, aro kakansu ya ba shi. Ba su da takarda, ni ma ba ni da ita, tsofaffin da suka san zancen kuma duk sun kwanta dama. Mai gari ya sa ranar zama, sai ta faɗo daidai zuwan Yaya ganin Inna.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na bi tasha da kasuwa ina fariya, wai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A hanyarmu ta zuwa Tanda Yaya ya ce mini, "Ni ba alƙali ba ne a nan. Rakiya na zo yi maka. Kada ka sa a tambaye ni komai." Na ɗauka kawaici ne irin na manya.

A wajenmu wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya kowace kaka. Ba kuɗin haya ba ne, don kada a manta mai gonar ne. Abokan shari'ata suka ce Baba yana kai wa kakansu dami. Mai gari ya ce su kawo wanda ya gani, suka rasa. Ni ma na ce ban taɓa gani ba, kuma gaskiya na faɗa, don dattijon ya rasu tun ban yi wayo ba. Magana ta riga ta karkata wajena. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ni mutum ne mai son a ga ƙarshen abu da armashi, ina so duk gari su ji bakin alƙalin Amurka a bayana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga yayana nan, ya girme ni da shekara tara. A tambaye shi."

Mai gari ya juya ya ce, "Malam, me ka sani?"

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni nake kai damin. Baba ke ɗora mini a ka. Kaka huɗu a jere na kai."

Ba a ja zance ba bayan haka. Mai gari ya ce gona tasu ce. Zan ci gaba da nomanta muddin raina, in riƙa kai dami, amma ƴaƴana ba za su gaje ta ba.

Muka kamo hanyar komawa Gaya. Na ce, "Yaya, da ka ce ka manta fa? Wa zai ƙaryata ka?"

Ya ce, "Ba kowa. Amma kullum ina sa mutane su rantse a gabana, wasu da gaskiyarsu za su rasa komai, kuma su faɗe ta. Ai na gaya maka kada ka sa a tambaye ni."

Na ji haushinsa ƙwarai, har yanzu bai gama fita ba. Na fi jin haushin kaina. Ya ce zai saya mini wata gonar, na ce masa na ji, ban kuma sake tayar da zancen ba. In ya bugo waya muna gaisawa, mu yi zancen ƙafar Inna da ruwan bana.

Daminar da ta wuce babban ɗana, wanda ya yi aure kwanan nan, ya zo mini da dashen mangwaro guda shida. Ya ce zai jera su a bakin fadama don ƴaƴansa su sha. Na duba su, masu kyau ne, ya iya zaɓe.

Na ce masa, "Mayar da su gida. Ba a dasa itace a gonar aro."