Tabon Ƙarambau

Ni da taubashina, ɗan kawuna, gida ɗaya muka tashi a Jega. Muna yara ƙarambau ya shigo gidan, ya riƙa bin yara ɗaya bayan ɗaya. Inna ba ta jira ya iso kaina ba, ta saka ni a motar Maiyama ta kai ni wurin kakata a Gumbin Kure. Can na zauna ina shan fura har cutar ta wuce. Shi kuwa ya sha susa, ya tashi da tabo a goshi da gefen hanci. Daga nan na samu abin tsokana, kullum sai na tambaye shi ko kaji ne suka caccake masa fuska.

Tare muka shiga jami'a a Aliero, ɗakinmu ɗaya, kuma tare muka shiga ƙungiyar ƙwallon kwando. Ba yabon kai ba, na fi shi tsawo, na fi shi hannu. Shi a benci yake ƙarewa yana miƙo mana ruwa. A shekararmu ta ƙarshe aka gayyace mu gasar jami'o'i, wadda tun shigowata nake mafarkinta. Na san in ta wuce ni, ta wuce ke nan.

Ana gab da tafiya, na ukunmu a ɗakin ya wayi gari da zazzaɓi da ƙuraje. Asibitin makaranta suka ce ƙarambau ne. Ƙa'idar gasar kuwa ba ta da kwana: duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da mai cutar, a killace shi, sai fa in ya taɓa yin ta. Malamar asibiti ta kira mu biyu. Ta dubi goshin taubashina, ta yi masa tambayoyi kaɗan, ta sallame shi. Da ta juyo kaina na ce ai ni ma ina jin na taɓa yi. Ta ce in nuna tabo. Na tuɓe riga, muka duba gaba da baya, jiki sumul, babu ko ɗigo.

Aka ajiye ni a wani ɗaki a bayan asibitin, tagarsa tana kallon gonar albasa. Ranar tafiya sai ga taubashina a bakin tagar, sanye da jesin da koci ya ware mini.

"Kyakkyawa," ya ce, "ara man kambas ɗinka mana, tun da kai ba inda za ka."

"Ba su yi maka," na ce.

"Su yi hwa. Na cusa takarda."

Na jefo masa takalman ta taga, na so a ce sun same shi a goshin nan.

Ban taɓa jin kishi irin na kwanakin nan ba. Abokai suna turo bidiyo a waya, ga shi nan cikin rigata da takalmana, yana jefawa tana shiga, ana ihu. Nakan maimaita bidiyon ina neman inda ya yi kuskure. Ban roƙi Allah su faɗi ba, amma da aka ce sun kai zagaye na gaba, abinci bai ciwu ba. Kowace safiya ina duba ƙirjina, har fata nake ƙurajen su fito, ko zaman ya samu dalili. Ba su fito ba. Lafiyata ƙalau aka buɗe mini ƙofa, gasa ta riga ta ƙare.

Da muka koma Jega hutu, gidan ya cika da masu kallon hotonsa a waya. Kawu har rago ya so yankawa. Ina zaune gefe a tabarma, Inna ta zo ta dafa kaina, ta juyo da fuskata wajen mutane.

"Ku duba ɗana, ya kwana ɗaki guda da mai ƙarambau, ko ƙurji bai yi ba. Da ban kai ka Gumbin Kure ba, da yanzu huskakka awa ta wanga."

Ta nuna taubashina, kowa ya yi dariya, shi ya fi kowa. Takalmana ne a ƙafarsa. Na ce, "Haka ne Inna, na gode."