Motar Malam ta tashi

Jama'a, yau motar Malam ta sa ni kuka a bakin titi! Ni ke faɗa, 'yata Hajara ke rubutawa.

Kun san 'yar jar motar kashe gobarar nan ta Japan da marigayi Malam maigidana ya saya, mai shiga kowane lungu na Agege. Duk Juma'a sai ya tayar da injin ruwanta, wai in ya daɗe a zaune cijewa yake yi. Da na fita takaba na ce a sayar, ganinta yana karya min zuciya.

Ɗazu wani mai burodi ya zo daga Abule Egba zai saya. Ya ce, "Mama, wata huɗu a ajiye? Ai ta mutu!" Ya murɗa makulli. Ta tashi! Ya ja igiyar injin ruwan, shi ma ya kama!

Na ce, "Ikon Allah! Wa ke taɓa ta?"

Sai Iliya mai gadin layinmu ya sunkuyar da kai. "Hajiya, mu ne. Malam ya bar min makulli ɗaya. Duk Juma'a ni da mahautan unguwa muke tura ta da hannu har bakin layin dogo, can muke tayar da ita, don kada ki ji ƙarar ki tuna."

Wayyo Malam! Na ba mai burodi haƙuri, ya tafi.

Na ce, "Iliya, Juma'ar nan a ƙofar gida za ku tayar da ita. Ina so in ji."