Ta Ce Ya Maimaita

Jiya a unguwar Catford, nan Landan, na wuce wani shago ana gasa doya, ƙamshin ya tuna mini da Inna, tsohuwar da ke flat ɗin ƙasa da nawa, wadda ta rasu bara. Ni da ita Gbagyi ne, daga ƙauyukan da aka tasa don gina Abuja. Duk unguwar ita kaɗai nake yi wa yarenmu.

Wata Sallah a masallacin Regent's Park, bayan an sauko idi, na gaida wani Alhaji. Sai ya kwaikwayi Hausata, ya ce, "Gwari dai Gwari ne, ko a Landan." Aka yi dariya. Na koma gefe ina share hawaye, na ce wa Inna mu tafi gida.

Ta kama hannuna da tafinta mai kaushi, ta ja ni har gabansa.

"Alhaji, barka da Sallah. Maimaita abin da ka faɗa wa 'yata, kunnena ya yi nauyi."

Ya kasa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, wasa ne."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba," in ji ta. Dole ya juyo ya ba ni.

A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ce mini, "In an wulaƙanta ki, kada ki haɗiye ke kaɗai. Nemo naki ku koma tare."

Yanzu wasu ne a flat ɗinta, ko gaisawa ba ma yi. Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari.