Ramlatu mai irin hatsi

Ramlatu ƴar Korgom ce, ta kusa shekara sittin, ba ta taɓa shiga lakkwal, makarantar boko, ba. Da iri aka san ta. Tun tana amarya take zaɓen zangarniyar hatsin da ta riga sauran nuna, ta adana cikin tukunya da toka. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gamanarta, ɗan filin da mijinta ya yankar mata, ita kaɗai ta yi abin kirki. Daga nan mata suka riƙa zuwa har daga Kona suna roƙon iri, ko cikin tafin hannu ne.

Hafiza, ɗiyar maƙwabcinta mai karatun noma a jami'a, ta yi damina biyu tana bin ta gona da littafi. Bara mijin Ramlatu ya rasu. Ƙanensa Sale ya ce bakuna sun yi yawa, gamana ta koma cikin gonar gida. Ta kai kuka wurin manya, suka ce ta yi haƙuri.

Cikin watan Mayu Hafiza ta zo da labari: jami'a za ta karrama mata ranar matan Nijar, kuma har da sunan Ramlatu. Ramlatu ta ce a ranta, can ne za ta faɗi maganar gonarta. Ta hau kabu-kabu zuwa Tasawa, ta shiga mota sai Maradi.

Ɗakin taro ya cika maƙil. Malamai mata suka yi ta jawabi da Faransanci, ana tafi, ita ma tana tafawa. Ta ga hotonta a bango, ƙato, riƙe da damin hatsi. Da aka miƙa mata takardar yabo, ta kama hannun Hafiza.

"Ɗiyata, ki gaya musu irin yana nan, amma ba ni da wurin shuka shi. An karɓe gonar."

"Inna, nan ba wurin wannan maganar ba ce."

"To ina ne wurinta?"

Hafiza ta sunkuyar da kai. Sale ƙanen uwarta ne, kuma gobe ma gida za ta koma. Ta yi ƴan kalmomi da Faransanci, ɗaki ya ɗauki tafi. Sai a waje Ramlatu ta tambaye ta abin da ta ce.

"Na ce kin gode," in ji Hafiza, idonta cike da ƙwalla.

Ramlatu ba ta yi mata faɗa ba.

Mako biyu bayan haka aka yi ruwan shuka. Da safe ta fito ƙofar gida tana kallon mutane suna wucewa da sungumi. Matar Sale ta leƙo ta ce ko za ta zo ta taya su binne rami, hannu ya yi musu kaɗan. Ramlatu ta ɗaura zane ta bi ta.