Tsinken Tsintsiyar Taibatu

Da asuba Taibatu ta idar da salla, ta karyo tsinke daga sabuwar tsintsiya, ta jefa cikin jaka tare da auduga. Shekara goma sha tara tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da Damri. Gwiwoyinta sun gaji, kuma ta daɗe da daina yarda da bakin majinyaci. Mutumin ƙasar nan ko rai ya zo masa wuya, ka ce yaya jiki, "da sauƙi" zai ce.

Ranar yayanta Labaran take jira, mai noman albasa a Bakolori. Wata bakwai matarsa na cewa ƙafafunsa na zafi kamar garwashi, ko zane bai son ya taɓa su. An yi ƙaho, an sha maganin sanyi. Jiya kuma matar ta ga jini cikin takalminsa, shi bai ma sani ba. Wannan ne ya tsinka wa Taibatu zuciya. Ta taɓa ganin mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka daina ji, miki ya ci, aka yanke ƙafar.

Da hantsi ya iso asibitin bisa babur. Ta ce, "Yaya, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Na sani. Zafin kamar mi? Wuta, ko sukar allura, ko kiyashi na tafiya?"

"Duka dai. Amma da sauƙi. Ke likitar tsintsiya, ki ban ƙwaya in wuce."

"Rufe ido. In ka ji na taɓa, ka ce i."

Ta shafa auduga a gwiwa, ya ce i. A ƙwauri ya ce i. Ta danna tsinken a babban yatsa har ya lanƙwashe. Labaran shiru, ido rufe, yana jira.

"To ki fara mana," ya ce.

Ta ɗaga ƙafar, ga ƙaya ta nutse a tafi, gefenta ya soma ruwa. Ta cire, ta wanke, ta ɗaure. Ta gwada suga, ya hau sosai.

"Mafara za mu, babban asibiti. Yanzu, tun ƙafar tana taka."

"Albasa na son ruwa yau. Jibi."

Ta zare makullin babur ɗinsa ta ƙulle a bakin zane, ta fita bakin titi tana tare mota.