Yadda Aka Ƙwace wa Yayana Rawarsa

Yayana Chakufwa Nhlane gyaran keke yake yi a bakin kasuwar Mzimba, amma rawa ce a jininsa. Ubanmu ɗan ƙabilar Ngoni ne, rawarsu ingoma: maza su jeru da garkuwa suna dukan ƙasa da ƙafa, mata na tafi, ganga ko ɗaya babu. Uwarmu kuwa 'yar Tumbuka ce, su ba sa taka rawa sai da ganga. Chakufwa ya tashi a tsakani, sai ya ɗora takun uba a kan kiɗan uwa.

Ranar da ya fara gwadawa a dandalin ƙauye, Mabaso mai jan rawa ya fizge garkuwar daga hannunsa.

"Kai, ƙafarka ce ba nauyi har sai gangar fatar akuya ta taya ka? Fice mana!"

Dangin uwa ma suka ce yana tattake musu kiɗa. Ya koma bayan rumfarsa yana koya wa yaran unguwa, har furfura ta cika masa kai. Abu ɗaya kawai yake nema a duniya, a miƙe a bainar jama'a a ce rawar nan tasa ce.

Bara yaran suka je gasa a Lilongwe, babban birnin ƙasa, da rawar tasa, suka ciyo kofi. Wayyo, zo ka ga marasa kunya! Waɗanda suka kore shi su ne suka shirya bikin tarba. Chakufwa ya goge rigarsa ta coci, ya ce mini, "Ƙanwata, buɗe kunne, yau za ki ji sunana a lasifika."

Mabaso ya karɓi lasifikar, ya gyara murya. "Jama'a, wannan rawa gadonmu ce tun kaka da kakanni. Babu mahaluƙin da ya san mafarinta."

Na miƙe tsaye. "Ƙarya kake, Mabaso, munafuki! Ga mai ita nan zaune!" Ganguna suka tashi suka danne muryata. Yaran da yayana ya horar da hannunsa suka shiga fili, ko ɗaya bai waiwayo ba. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Washegari yaran suka zo bayan rumfa kamar kullum, a ci gaba da koyo. Yayana yana liƙe taya, bai ɗago kai ba.

"Ku je maƙabarta," in ji shi, "kakanni su ƙarasa koya muku."