Garwashin da Dakta ta bar mani

Jaka ta riga mai ita shigowa tsakar gida. Nafisa jikata ce ta wurgo ta tun daga zaure, ta ce ita da jami'a har abada. A satin nan kuwa uwarta ta cika shekara tara da rasuwa.

Uwar ɗiyata ce ta fari, ba ni faɗin sunanta ko da alƙalami. Mutanen Maiyama Dakta suke ce mata, ku ma ku ce hakanan. Ba ta allura ba ce. Kimiyyar sinadarai ta karanta har ƙasar Turawa, ta dawo tana koyarwa jami'ar Aliero, ciwon ajali ya iske ta tsakiyar aiki. Ita ta tura ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wata safiya na dawo ɗibar wuta daga maƙwabta, garwashi cikin tsingaro, na tare ta na ce ta gaya mani mi take yi can cikin wancan ɗaki mai injuna, don mutane na tambayata ina jin kunya. Ta ce akwai ƙwayar ƙarfe wadda ido bai gani, irin ta jan ƙarfe. In anka ƙwace mata 'yan lantarki biyu, sai ta zama mayunwaciya, ba ta zama lafiya. Cikin ruwa shiru take, don ruwa ya kewaye ta ta ko'ina. Su Dakta kuwa sai su fitar da ita fili cikin injin, ita kaɗai. In anka ba ta ƙwayar ruwa guda ta zauna da ita, sai ta yi mata ƙwace, su tunkuɗe juna, kowa ya kama gabanshi. In sunka yi mata yawa sunka zagaye ta, sai ta natsu har a auna ta. Aikinta shi ne ta gano abokan zama nawa za su ishe ta, kuma waɗanne iri.

Na ce, "Wannan shi ne aikin da kika ƙetare teku dominshi?"

Ta yi dariya, ta nuna tsingarona. "Inna, ɗora ma garwashin nan kara guda ki gani. Amma da kika lulluɓe shi da toka, ai ya iso gida da ranshi."

Yau babu mai ɗibar wuta a unguwarmu, kowa da gas da ashana. Da tana nan, da ta ga manoman albasa na ban ruwa da hasken rana, ta ga 'yan mata cike da mota za su karatu Aliero, inda a zamaninta ake ƙirga su da yatsu. Na san za ta ji daɗi. Za ta yi faɗa kuma, don ba ta taɓa ganin abu ta ce ya isa ba.

Zafin nan Nafisa ta gado, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kanta na ja, bakinta ya fi kan. Can jami'ar Aliero an haɗa ta ɗaki da yarinya guda, sunka yi kaca-kaca, waccan ta tashi, wagga ta kwaso jaka. Kawunta Ummaru ya ce a bar ta ta zauna gida ta huce. Na ce mashi garwashin da ya huce gawayi ne, kuma ba gawayi Dakta ta bar mani ba.

Littattafanta na nan cikin akwati, Turanci ne, ba ni iya karanta su. An ce har yanzu masu irin aikinta na duba su. To, madalla. Abin da ni na riƙe shi ne, mai zafi ba a kashe mashi zafi, kewaye shi ake yi.

Ina da ƙanwa Aliero, Hajo, gidanta cike da mata, surukai da jikoki, in sunka zauna tsintar albasa ba ka jin kiran salla sai an tsawata. Kowacce ka taɓa ta fi ka baki. Na ɗaure kayana da tukunyata, na ce ma Nafisa can za mu zauna ni da ita har ta gama, ta riƙa zuwa makaranta daga gidan.

"Kaka, ke da ba ki iya kwana ɗakin wani? Ƙafar taki fa?"

"Ƙafar ba taki ba ce. Mu kama motar Jega kafin rana ta yi."

"Zan yi faɗa da su."

"Ki yi. In kin gama da guda, ga tara na jiran ki."

Ta tsaya tana harara ta, irin hararar uwarta sak. Na wuce gaba da sandata, ban waiwaya ba sai bakin zaure. Ta sunkuya ta ɗauki jakar, ta kakkaɓe mata ƙasa, ta amshe tukunyar daga hannuna.